Nono Bai Ɗaure Harshen Ɗan Kowa Ba

1/ ZARE. Mai tsawo ne, ku gyara zama.
Wata shawara na yawo a TikTok da guruf-guruf ɗin mata na WhatsApp: wai idan yaro ya yi jinkirin magana, a hana shi madara, nono, kindirmo har da fura, bakinsa zai buɗe. Maganar nan ba ta da tushe, kuma a ƙauyukanmu tana iya nakasa yaro. Zan kawo hujja ɗaya bayan ɗaya.

2/ Da abin ya tsaya a gidajen da firij ke cike da ƙwai da kifi da kaza, wallahi da ban ɓata datata ba. Amma yanzu saƙon murya ya sauka har irin ƙauyukanmu na yankin Ɗambatta da Makoɗa. 'Ya a birni ta turo wa uwa, uwa ta kunna wa suruka, kafin la'asar unguwa ta ɗauka.

3/ Ga wanda bai san yankinmu ba: gona na jingine da gona, babu daji, babu filin da ke zaune banza. Rabon gado ya yanyanka gonaki, har ka ga magidanci mai 'ya'ya takwas yana noma abin da ba zai kai shi wata damina ba. Gero da dawa na rumbu ne, wake da gyaɗa kuwa yawanci kasuwa suke tafiya.

4/ Yanzu ku leƙa kwanon yaro ɗan shekara biyu a gidan nan. Safe koko ko ɗumame. Rana fura. Dare tuwo da miyar kuka. Nama sai Sallah ko suna. Ƙwai na sayarwa ne, kazar ma asusu ce. Abu guda daga dabba da ke shiga cikinsa a kai a kai shi ne ludayin nonon da aka dama masa fura. Shi ɗin aka ce a cire.

5/ Binciken lafiya na ƙasa, NDHS na 2018, ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A jihar Kano ma fiye da rabi. Waɗannan yaran ake rage wa abinci.

6/ Kuma tsumburewa ba ta tsaya ga tsawo ba. Ƙwaƙwalwar yaro tana yin mafi yawan ginuwarta ne daga cikin uwa zuwa shekara biyu, da abin da ya ci take ginuwa. Yaron da ya rasa abinci mai kyau a wannan tsakani yakan yi jinkirin zama, tafiya da magana. Kun ga ke nan an ba da shawarar da ke iya ƙara matsalar da aka ce tana magani.

7/ Kofi ɗaya na madarar shanu yana ɗauke da furotin wajen giram 8 da kalsiyam wajen miligiram 300. A 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a Jos kan yara masu lanƙwasar ƙafa. Sun gano yaran ba sa samun kalsiyam sai wajen miligiram 200 a yini, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashinsu ya fara gyaruwa.

8/ Wato ƙasar da rana ke dukan kowa daga safe zuwa yamma, amma ƙafafun yara na gwamewa, saboda abincinsu hatsi ne zalla babu madara. Kofi guda na nono ya fi abin da waɗancan yaran ke samu a yini sukutum. Sai wata ta zauna gaban kyamara da fitila mai zobe ta ce a zubar da kofin.

9/ Ku je duk cibiyar da ake kula da yara masu tamowa ku tambayi me ake ba su. Wanda ya galabaita ana fara masa da F-75, sannan F-100. Dukkansu madara ce da aka haɗa musamman. Ƙunshin nan na gyaɗa, RUTF, akwai garin madara a ciki, kuma ƙa'idar WHO ta ce aƙalla rabin furotin ɗinsa daga madara zai fito.

10/ A yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa, mafi yawa a yankin Maraɗi, da irin wannan ƙunshi. Maƙwabtanmu ne, Hausa suke yi, gero suke ci kamar mu. Abin da ya tashi 'ya'yansu daga kwance shi ne yau aka laƙaba wa sunan guba.

11/ To daga ina maganar ta taso? Daga Turai da Amurka. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 wasu masana suka yi hasashen cewa furotin ɗin madara da na alkama suna narkewa su zama wasu sinadarai da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara masu otizim, abin da wasu kafofinmu ke kira galahanga. Ku lura: hasashe ne, ba tabbaci ba.

12/ Iyaye da ke neman mafita suka rungumi hasashen. A 2007 wata tauraruwar talabijin a Amurka, Jenny McCarthy, ta fitar da littafi kan ɗanta, ta zaga tashoshi tana yaɗa cire madara da alkama. Ba likita ba ce. Ita ce kuma ta yi suna wajen tsorata iyaye kan allurar rigakafi. Mu 'yan Kano mun san abin da irin wannan tsoro ya jawo mana a zamanin foliyo.

13/ Masu bincike ba su yi watsi da zancen ba, sun gwada. A Jami'ar Rochester ta Amurka, Dokta Susan Hyman ta sa yara masu otizim a kan abincin da babu madara babu alkama na makonni. Daga nan duk mako sai a ba yaro abin taɓawa: wani da madara a ɓoye, wani da alkama, wani babu komai.

14/ Iyaye ba su san wanne aka ba ɗansu ba, masu lura da yaran ma ba su sani ba. Yara 14 suka kammala. Sakamakon da ya fito a 2016: ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba a halayyarsu, barcinsu ko mu'amalarsu, ko sun ci madarar ko ba su ci ba. Wani gwaji a Florida a 2006, da yara 15, shi ma haka.

15/ E, yaran ba su da yawa, na sani. Amma wanda ya ce a cire wa yaro abinci shi ke da nauyin kawo hujja, kuma shekaru sun shuɗe bai kawo ba. Hukumar NICE da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya ta faɗa ƙarara tun 2013: kada a yi amfani da cire madara da alkama a matsayin maganin ainihin alamomin otizim.

16/ Ku ƙara lura da wani abu. Duk wannan muhawara a kan otizim aka yi ta. Kafin ta iso wayar Inna a ƙauye, an yanke kai an yanke ƙafa, ta koma "duk yaron da bai yi magana da wuri ba, nono ne". Ko waɗanda suka ƙirƙiro hasashen ba su faɗi haka ba.

17/ Yanzu bari in yi wa masu wancan ra'ayi adalci. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar madarar shanu da gaske. Alaji ne, kuma ba wasa ba ne. Ana ƙiyasta jarirai 2 zuwa 3 cikin 100, wasu binciken ma sun sami ƙasa da haka. Mafi yawansu kuma yana sakinsu kafin su isa shiga firamare.

18/ Alamominsa a jiki suke, ido na gani: borin jini jim kaɗan bayan sha, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, jini a kashi, ƙurajen da ke ƙaiƙayi ba sa jin magani, ko yaro ya ƙi ƙara nauyi. Idan numfashi ya sarƙe ko jiki ya saki, ba a jiran gari ya waye, asibiti ake nufa nan take.

19/ Kun ga jinkirin magana a jerin nan? Babu shi. Yaron da ke shan fura da nono shekara guda cur, fatarsa lafiya, cikinsa lafiya, sai dai bai ce "Baba" ba, wannan ba alajin madara ke damunsa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

20/ Ko wanda ake zargin yana da alajin, likita ba ya cewa a daina har abada a tafi gida. Ana cirewa na mako 2 zuwa 4, a ga ko alamomin sun tafi, sannan a dawo da ita a ga ko sun dawo. Idan alamomin masu tsanani ne, a asibiti ake gwajin. Kuma dole a tsara abin da zai maye gurbinta. Wannan ɓangaren bidiyon minti ɗaya ba ya faɗa.

21/ Wani kuskure kuma: wai a koma nonon akuya. Furotin ɗin akuya da na tumaki sun yi kama da na shanu ƙwarai, mai alajin gaske yakan yi bori da su duka. Kindirmo ma furotin ɗin na nan a ciki. Duk wanda ya ce miki ɗanki na da alaji, sannan ya sayar miki da garin madarar akuya, to aljihunki yake yi wa magani.

22/ Akwai kuma wani abu daban da ake cakuɗawa da alaji: cikin da ba ya iya narkar da sukarin madara, laktos. Kumburin ciki, tusa, zawo. Ya fi yawa ga manya, kuma ba ya taɓa harshe. Tun farkon shekarun 1970 binciken Norman Kretchmer a Najeriya ya nuna yawancin Fulani makiyaya na narkar da shi, wasu ƙabilun kuwa ba sosai ba.

23/ Kakanninmu sun warware wannan tun kafin a san sunansa. Idan nono ya kwana ya yi tsami, wani ɓangare na sukarin ya ragu, ciki ya fi karɓarsa. Shi ya sa wanda ɗanyar madara ke murɗa wa ciki zai sha kindirmo ya kwana lafiya. Fasahar na cikin ƙwaryar Dada tun tuni.

24/ Wani zai ce: ai ni ɗana in ya sha nonon kasuwa zawo yake. Gaskiya ne, yana faruwa. Amma tambayi kanka: an tafasa madarar kafin a kwantar? Da wane ruwa aka sirka? Ƙuda nawa suka sauka a ludayin? Ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da tarin fuka na shanu. Maganin wannan tafasawa da tsafta.

25/ To me ke hana yaro magana? Abu na farko da za a duba: KUNNE. Yaro da ji yake koyon magana. Wanda ba ya ji sosai ba zai maimaita ba. Kuma abubuwan da ke kashe ji sun cika mana gari: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a makon haihuwa, da kunnen da ke zubar da ruwa wata da watanni ana ɗiga masa man ja.

26/ Ku ƙara da wasu allurai, irin su jentamaisin, waɗanda ke iya lalata ji idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, ga shi ana dirka wa yara a kemis ba awo. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe dubban mutane a Arewa, ta bar wasu da dama kurame. Ku tambayi iyayenku, a kusan kowane gari akwai wanda suka sani.

27/ Bayan kunne: wahalar haihuwa da ta sa jariri bai yi kuka da wuri ba, zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga, ƙarancin jini, ƙarancin aidin, tamowa, otizim, ko kuma yaron da ke yini ba mai yi masa hira. Wasu yaran kuwa lafiyarsu ƙalau, jinkiri ne kawai, su kamo tsaransu wajen shekara uku. Gwaji ne ke rarrabe su, ba hasashe ba.

28/ In dai sai an cire wani abu, ga wanda ya cancanta: kwallin da ake rambaɗa wa jarirai. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan iyayen Najeriya a Boston da aka sami dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Dalma na dakushe ƙwaƙwalwa. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010.

29/ Akwai wata 'yar uwarmu a ƙauye, ɗanta ya kusa shekara uku ba ya haɗa kalma biyu. Aka kai shi wurin wanzami aka yanke linzami, shiru. Aka turo mata saƙon muryar nan, ta hana shi fura da nono wata biyar, ta sayar da akuyarta ta sayi wani gari a roba daga wata mai talla a waya. Yaro ya rame, wuya kamar zare.

30/ Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya bayansa ta kira sunansa, bai waiwaya ba. Aka tura su birni awon ji. Kunnuwan biyu duk sun taɓu, tun wani ciwon kunne da ya yi yana jariri. Uwar ba ta yi sakaci ba fa, duk abin da aka ce ta yi, ta yi. Waɗanda suka ba ta shawarar ne suka ci mata wata biyar da akuya guda.

31/ Wata biyar ɗin nan su suka fi ƙona min rai. Nauyin da yaro ya rasa yana iya dawowa. Amma shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe, ko na baki ko na hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk watan da aka ɓata ana gadin ƙwaryar nono, an ɗebe shi ne daga wannan lokaci.

32/ "Amma ni na gwada, ɗana ya fara magana." Hajiya, ban ƙaryata ki ba, Allah Ya ƙara masa basira. Sai dai yaro ɗan shekara biyu da rabi, ko an cire ko ba a cire ba, watanni uku masu zuwa zai ƙaru. Kuma tun da kika shiga damuwa kin fi zama da shi, kin fi yi masa magana. Wannan ɗin ne ya yi aiki, nono ya ɗauki laifi a banza.

33/ Waɗanda suka gwada bai yi ba kuwa, ba sa yin bidiyo. Ba wadda za ta fito ta ce na hana ɗana nono wata shida, ga shi ya rame kuma har yau shiru. Kunya ba za ta bar ta ba. Shi ya sa shafinki ya cika da masu nasara zalla, da lambar waya a ƙasa, da "turo kuɗi a aiko miki".

34/ Abin da suke sayarwa a madadin fa? Kofin madarar almon furotin ɗinsa wajen giram 1 ne, na shanu 8. Ta shinkafa ma kusan ruwa ce da sitaci. A Beljiyam, a 2017, kotu ta sami wasu iyaye da laifi bayan jaririnsu ɗan wata 7 ya rasu. Da kansu suka yanke cewa madara ba ta karɓe shi ba, suka koma ba shi ta hatsi. Turai ke nan, inda asibiti ke bakin ƙofa.

35/ Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya suna fama da mu: a daina zubar da dakashi, a daina cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata. Da ƙyar aka fara cin nasara. Yanzu ga sabon camfi ya shigo, shi wannan da Turanci a bakinsa, shi ya sa masu digiri ma ke turawa. Camfi dai camfi ne ko ya sa kwat.

36/ Mafi muni, na ji har ana ce wa mai shayarwa ta yaye. Subhanallah. Nonon uwa zalla wata 6, a ci gaba da shi tare da abinci har shekara biyu: haka WHO ta ce, kuma shekara biyun nan Alƙur'ani ya riga kowa ambata. Ko jaririn da aka tabbatar yana da alajin madarar shanu ba a raba shi da nonon uwarsa.

37/ Ga abin yi a taƙaice. Ki nemi ma'aikacin lafiya idan: ɗan wata 9 ba ya gwalan-gwalan ko ba ya juyowa ga sauti, ɗan shekara ɗaya da rabi ba shi da kalma ko ɗaya, ko ba ya nuna abu da yatsa, ɗan shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko yaro ya fara magana sannan ta ɗauke. Ki ce a duba kunne tukuna.

38/ A fara da asibitin da ke kusa, Ɗambatta ko Bichi ko cibiyar lafiya ta mazaɓa, a nemi takardar turawa. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wanda aka tabbatar kurma ne, akwai makarantar Tudun Maliki. Kurma na karatu, na sana'a, na aure.

39/ A gida kuwa, magani na farko kyauta ne. Ki yi masa hira kina tankaɗe, kina wanki. Ki faɗa masa sunan abin da yake kallo: akuya, ludayi, wata. Ki jira ya amsa ko da da ido ne. Kaka ta yi masa tatsuniya, yayye su yi wasa da shi. Baba, kai ma da kai ake, ba aikin mata kaɗai ba ne. A rage miƙa masa waya don ya yi shiru.

40/ Idan likita ya tabbatar da alaji, to a cire, amma a cike gurbin da shawararsa: ƙwai, wake, kunun gyaɗa, ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, riɗi, zogale, kuka. Awara da madarar waken suya sai an tambaya, don wasu masu alajin madara ba sa karɓar su.

41/ Mu matasa mu ne ke riƙe da wayoyin gidajenmu. Yawancin saƙonnin nan ta hannunmu suke bi kafin su isa kunnen iyayenmu mata. Kafin ka danna turawa, tambayi mai maganar abu uku: me ka karanta, wa ya gwada, me kake sayarwa? In ya yi fushi da tambayar, ka samu amsarka.

42/ Wanda ke da hujjar da ta fi tawa, ga fili, ya kawo binciken da sunan wanda ya yi shi da shekarar, zan karanta. "Wata mata a Dubai ta ce" ba hujja ba ce. Sauran kuma dan Allah ku kai zaren nan guruf ɗin gidanku, ku karanta wa waɗanda ba sa karatun boko. A tafasa nono, a dama wa yaro furarsa, a kai shi awon kunne.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya. Amin.